Ceton daji ko ƙwace daji? Fashin baƙi kan al'ummomin asali, ragowar mulkin mallaka da adalcin sauyin yanayi

Da wuya yanzu a tashi daga taron sauyin yanayi ba a ji wani shugaba ya ce dole duniya ta koyi darasi daga al'ummomin asali ba. A gayyato su cikin kayan gargajiya, a ba su 'yan mintoci a kan mumbari, a tafa musu. Amma a watan Nuwamban 2023, wata biyu bayan Nairobi ta karɓi baƙuncin taron ƙolin Afirka kan sauyin yanayi, jami'an gandun daji na Kenya suka shiga Sasimwani da ke dajin Mau suka rurrushe gidajen mutanen Ogiek, wasu gidajen ma aka cinna musu wuta. Kimanin mutum 700 abin ya shafa. Dalilin da aka bayar shi ne ana so a ceci dajin.

To idan waɗannan mutane ne suka fi kowa iya riƙon daji, me ya sa su ake kora? Kuma koyon da ake cewa a yi daga gare su, kwasar iliminsu za a yi a tafi da shi, ko kuwa bar musu ikon ƙasar da ilimin ya tsiro a kanta?

Su wa ake nufi da al'ummomin asali?

Mai karatu a Najeriya yana iya zaton maganar takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ake yi, wadda ake nema wajen shiga jami'a ko aikin soja. Ba ita ba ce. Kuma ba gardamar wa ya riga wa zuwa ba ce, domin in a nan aka tsaya, kusan kowa a nahiyar nan ɗan asali ne. Da wannan hujja ce ma gwamnatocin Afirka da dama suka daɗe suna kauce wa zancen.

Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam da Al'ummomi ta Afirka, mai mazauni a Banjul, ta raba gardamar a rahoton da ta amince da shi a 2003. Abin dubawa shi ne: al'ummar da rayuwarta da al'adarta suka rataya kacokan a kan wani yanki na ƙasa, wadda masu rinjaye da gwamnati suka mayar saniyar ware, kuma ita da kanta take kallon kanta a haka. Mafarauta da masu tsintar 'ya'yan itace irin su Ogiek da Batwa da San da Hadza suna ciki. Haka makiyaya irin su Maasai da Buzaye da Fulanin Mbororo. Bahaushen Kano ko na Maraɗi ba ya cikin wannan rukuni, amma kamar yadda za a gani a gaba, dokar da ke cin ɗan Ogiek 'yar'uwar wadda ke cin manomin Hausa ce.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta yawansu da mutum miliyan 476 a ƙasashe kusan 90, wato kimanin kashi 6 cikin 100 na mutanen duniya. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna suna riƙe ko suna kula da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na doron ƙasa. Akwai kuma wani adadi da ya yi farin jini, wai kashi 80 cikin 100 na nau'o'in halittun duniya a ƙasashensu suke. A 2024 wasu masana suka bi diddiginsa a mujallar Nature, suka ce ba su samu wani bincike da ya haife shi ba. Gara a daina kawo shi. Hujjar tana da ƙarfi ko ba shi.

A ranar 13 ga Satumban 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙudurin haƙƙoƙin al'ummomin asali. Ƙasashe sama da 140 suka goyi baya. Amurka da Kanada da Ostareliya da New Zealand suka ƙi, ko da yake daga baya duk sun sauya matsayi. Najeriya da Kenya suna cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar.

Yadda Ogiek suke riƙon daji

Dajin Mau yana da faɗin kusan hekta 400,000 a tsaunukan yammacin Kenya, kuma daga cikinsa koguna irin su Mara da Sondu da Njoro suke ɓuɓɓugowa. Gonakin shayin Kericho, da lantarkin Sondu, da namun dajin da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwar kallo a Maasai Mara, duk da ruwan Mau suke rayuwa.

Sana'ar Ogiek ta asali farauta ce da zuma, kuma zumar ce ta tsara musu dokar ƙasa. Kowace zuriya tana da yankinta, amma ba a yanka shi a dunƙule ba. A tsaye ake yanka shi, yana bin doron tudu tun daga ƙasa har can sama inda ake sanyi, rafuka suna zama iyaka. Dalili kuwa itatuwan gindin tudu da na samansa ba lokaci ɗaya suke fure ba. Zuriyar da yankinta ya ratsa kowane mataki tana samun zuma a lokuta dabam-dabam na shekara, tana hawa tana sauka tana bin furanni. Amya ta kututturen da aka rarake ce, ana rataye ta a kan manyan itatuwa. Ba mai rataya amya ko ɗibar zuma a yankin wata zuriya sai da izini.

A nan ilimi da iko a haɗe suke. Wanda amyarsa ke rataye a kan itace ba zai yarda a sare shi ba, kuma yana da hurumin hanawa. Ranar da aka ce dajin na gwamnati ne shi kuma baƙo ne a ciki, sanin lokacin fure yana nan a kansa, amma bakin hana mai zarto ya tafi.

Daga ina tunanin "daji ba na kowa ba" ya fito?

Masu maganar kakkaɓe ragowar mulkin mallaka ba sauke tuta da sauya taken ƙasa suke nufi ba. An gama wannan tun wajen 1960. Abin da suke nufi shi ne dokokin ƙasa da Turawa suka kafa suka tafi suka bari, gwamnatocinmu kuma suka gada suka riƙe hannu bibbiyu.

Turawan mulkin mallaka sun zo da ma'auni ɗaya: ƙasar da ba a nome ba, ba a kewaye ba, ba a rubuta a takarda ba, ba ta da mai ita. Faransa ta kira irin wannan ƙasa da wadda ba kowa a cikinta kuma ba ta da ubangida, ta mayar da ita ta hukuma. Ingila ta ɗauki Ostareliya baki ɗaya a haka, sai a 1992 babbar kotun ƙasar ta rushe wannan ƙarya a shari'ar Mabo. Mafarauci da makiyayi su wannan ma'auni ya fi cuta, domin amfaninsu da ƙasa ba ya barin kunya ko shinge. A Kenya, kwamitin filaye na Carter da ya zauna a farkon shekarun 1930 ya ba da shawarar a kwashe Ogiek a cusa su cikin yankunan da aka ware wa manyan ƙabilu. Ba a ware musu nasu ba.

Sai kuma aka haɗa da salon kare namun daji da ya faro daga gandun Yellowstone na Amurka a 1872: a fitar da mutane, a shata iyaka, a sa mai bindiga. Da shi aka fitar da Maasai daga Serengeti da ke Tanzaniya ta yau a 1959 aka tura su Ngorongoro, inda yanzu kuma ake matsa musu su tashi. Da shi aka fitar da dubban Batwa daga dajin Kahuzi-Biega na Kwango a shekarun 1970. A watan Yunin 2022 gwamnatin Tanzaniya ta shata murabba'in kilomita 1,500 a Loliondo ta hana Maasai kiwo a ciki, har aka yi harbe-harbe.

Abin da kotu ta ce, da abin da gwamnati ke cewa

A watan Oktoban 2009 hukumar gandun daji ta Kenya ta ba Ogiek wa'adin kwana 30 su fice daga Mau. Suka kai ƙara gaban hukumar nan ta Banjul, daga nan aka miƙa ta ga Kotun Afirka da ke Arusha a 2012. Ranar 26 ga Mayun 2017 kotu ta yanke hukunci cewa Ogiek al'ummar asali ce, Mau ƙasar kakanninsu ce, kuma Kenya ta keta haƙƙoƙinsu na mallaka da addini da al'ada da cin gajiyar albarkatu.

Bai kamata a yi watsi da hujjar gwamnati ba tare da an saurare ta ba. Gaskiya ne Mau ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na itatuwansa a cikin shekara 15 kafin 2009. Gaskiya ne miliyoyin mutane da ba Ogiek ba da ruwansa suka dogara. Gaskiya ne kuma Ogiek na yau ba na jiya ba ne: da yawansu suna noma, suna kiwo, yawansu ya ƙaru (ƙidayar 2019 ta samu sama da 52,000), kuma akwai waɗanda suka shigo suna fakewa da sunan. Gwamnati ta ce in aka bar kowa ya zauna, dajin zai ƙare.

Sai dai kotu ta nemi a nuna mata wanda ya cinye dajin, kuma takardun gwamnatin da kanta suka ba da amsa: filayen da gwamnati ta yanka ta raba, da lasisin yankan katako da ta bayar, da kwararowar wasu mutane daga waje. A 2001 kaɗai an cire sama da hekta 60,000 daga gandun an raba. Kotu ta ce Kenya ta kasa nuna cewa Ogiek ne ummul haba'isin ɓarnar, don haka kare daji ba zai zama hujjar korarsu ba. A ranar 23 ga Yunin 2022 ta umarci a biya su shilin miliyan 57.85 na asarar dukiya da shilin miliyan 100 na cin zarafi, a shata ƙasarsu, a ba su takardar mallaka ta gama-gari. Lokacin da aka rushe gidajen Sasimwani ba a aiwatar da wannan umarni ba. A watan Yulin 2023 kuma Shugaba William Ruto ya ɗage haramcin yankan katako da aka sa tun 2018.

Shaidar da ke zuwa daga wasu wurare ta fi karkata ga Ogiek. Rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 kan Latin Amurka ya nuna cewa a Brazil da Bolibiya da Kolombiya, sare daji a yankunan al'ummomin asali masu takardar mallaka bai wuce rabi zuwa kashi ɗaya cikin uku na wanda ake yi a makamantan dazuzzukan da ke wajensu ba. A lura da sharaɗin: masu takardar mallaka.

Wannan ba ya nufin duk abin da aka kira gargajiya adalci ne. Akwai dattawan da ke sayar da filin jama'a a ɓoye, akwai al'adun da ke hana mata baki a sha'anin ƙasa. Ikon da ake nema na al'umma ne, ba na mutum uku da ke zama a gindin bishiya su sa hannu a madadin kowa ba.

Wutar Arnhem: inda aka koya da gaske

Arewacin Ostareliya daji ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi, mai damina da rani kamar namu. Tsawon dubban shekaru mutanen asalin wurin suna sa wa daji wuta da gangan, amma da ƙa'ida. Da aka kwashe su zuwa matsugunan mishan da na gwamnati a ƙarni na 20, tsaunukan yammacin Arnhem suka zama ba mai kula. Ciyawa ta riƙa taruwa, tsawa ko ganganci su tayar da gobara a ƙarshen rani, ta yi makonni tana ci.

Ƙa'idar ita ce a riga gobara. Ana kunna wuta a farkon rani, daga wajen Afrilu zuwa Yuli, lokacin da ciyawa ba ta gama bushewa ba, iska ba ta da ƙarfi, dare kuma yana da raɓa. Irin wannan wuta a ƙasa take rarrafe, ba ta hawa kan itace, dabbobi suna samun hanyar tsira, kuma sau da yawa da kanta take mutuwa da daddare. Ba a ƙone fili gaba ɗaya. Tsilla-tsilla ake yi, a haɗa wuraren da aka ƙone da rafuka da duwatsu, ta yadda in gobarar ƙarshen rani ta taso za ta iske inda ba abin ci ta tsaya. Yau masu aikin suna tafiya a ƙasa da ashana, suna kuma jefa ƙwayoyin kunna wuta daga jirgi mai saukar ungulu, suna duba hotunan tauraron ɗan'adam. Amma kafin a kunna, sai mai ƙasar ya faɗi inda za a ƙone da inda ba a taɓawa.

A 2006 aka ƙulla yarjejeniya kan fili mai murabba'in kilomita 28,000. Kamfanin iskar gas na ConocoPhillips ya amince zai riƙa biyan kusan dalar Ostareliya miliyan 1 a shekara na tsawon shekara 17, domin a rage hayaƙi mai ɗumama duniya da tan 100,000 duk shekara. A shekaru 7 na farko an rage hayaƙin gobarar yankin da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya sa ya yiwu shi ne dokar 1976 ta riga ta mayar wa mutanen Arnhem ƙasarsu, don haka a matsayin masu ƙasa suka zauna a teburin ciniki, ba 'yan ƙwadago ba. Akwai dai abin ɗaure kai a ciki: kuɗin daga mai gurɓata iska yake fitowa, kuma yana biya ne don ya ci gaba da harkarsa.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne. In aka makara ciyawa ta bushe ƙurmus, wutar rigakafi ta zama gobara. In aka mayar da hankali kan cika adadin hektoci kafin 1 ga Agusta, ranar da tsarin lissafin gwamnati ya yanke a matsayin ƙarshen farkon rani, sai a ƙone fili da yawa a lokaci ɗaya, alhali mutanen ƙasar da alamun ciyawa da iska suke aiki, ba da kalanda ba. Sai kuma gamba. Ita dai gambar da muka sani, wadda ake yanka a yi zana da jinka, an kai ta Ostareliya daga Afirka a shekarun 1930 don kiwon shanu, har da sunanta. A can ba mai yankanta. Tana kai mita 4, tana bushewa a makare, wutarta tana kashe manyan itatuwa, kuma inda ta mamaye, dabarar ƙona farkon rani ba ta cin nasara yadda ya kamata.

Gawon Maraɗi da Damagaram

Ba sai an je nesa ba kafin a ga yadda doka ke kashe ilimi ko ta raya shi. Manomin Hausa ya daɗe da sanin gawo: yana zubar da ganye da damina don haka ba ya yi wa gero inuwa, yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. Sai dokar gandun daji ta Faransa ta 1935 ta zo, dokar Nijar ta 1974 ta bi sahunta, itatuwa masu daraja suka koma ƙarƙashin ikon hukuma ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Manomi ya sare reshe, malamin daji ya ci shi tara. Me zai sa ya reni abin da zai jawo masa tara? Sai ya riƙa tumɓuke tsiron tun yana ƙarami.

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, akasarinsu suka mutu. Abin da ya yi aiki shi ne sassaben zamani, wanda wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗawa a yankin Maraɗi daga 1983, manoma kuma suka ɗauka suka yi ta koya wa juna. Ba a dasa komai. Lokacin sharar gona, maimakon a sassabe tohon da ke fitowa daga kututturen sabara ko kalgo ko gawo ko magarya, sai a zaɓi rassa 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa a bari, a cire sauran. A rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayin kowane reshe, kada a wuce haka, in ba haka ba iska ko akuya za su karya shi. Da kayan aiki mai kaifi ake saran, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. A riƙa komawa duk bayan 'yan watanni ana gyarawa. Saiwar tsohon kututture ta riga ta yi nisa a ƙasa, shi ya sa tohon ke jure ranin da ke kashe dashe.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 ta wannan hanya a Nijar. Dabarar ba ta bazu ba sai da ma'aikatan daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa hakan, sannan wata doka ta 2020 ta fito musamman kan wannan aiki. Matsalar da ta biyo baya ita ma ta iko ce: ɓarayin itace da daddare, da matan da a da suke yin itacen girki a ko'ina yanzu kowane kututture yana da mai shi, da makiyayin da ke sassaƙe rassa ya ba dabbobinsa. Ƙauyukan da abin ya ɗore, irin su Ɗan Saga a yankin Agye, su ne waɗanda suka kafa kwamitin sa ido da ya haɗa manoma da mata da Fulani.

Ina adalcin sauyin yanayi ya shigo?

Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa daga mai da gawayi da gas. Ɗan Ogiek ko Bambororo kusan ba shi da hannu a ciki sam. Adalci a nan yana da fuska biyu: kada wanda bai yi ɓarna ba ya fi kowa shan wahalarta, kada kuma a sa shi biyan kuɗin gyara da ƙasarsa. An fi maganar ta farkon, wato asusun biyan asara da aka amince da shi a taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh da ke Masar a 2022, wanda alƙawuran farko da aka yi masa a Dubai ba su wuce kusan dala miliyan 700 ba. Ta biyun ce ke shigowa ƙauye ba sallama.

Duniya ta amince a Montreal a Disambar 2022 cewa za a killace kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030. Yarjejeniyar ta ambaci mutunta yankunan al'ummomin asali, amma kowace gwamnati ce za ta fassara. Ga kuma kasuwar kabon. Kamfani a Turai ko Amurka yana sayen takarda ɗaya a madadin tan ɗaya na hayaƙin da aka hana fita ko aka zuƙe, ya ce ya wanke nasa. Kafin a sayar da takardar kare daji, dole a nuna cewa da ba don aikin ba da an sare dajin. Ke nan sai an samo wanda za a nuna a matsayin barazana, kuma mafi sauƙin nunawa shi ne talakan da ke zaune a ciki. Wanda ya riƙe dajinsa da kyau tun kaka da kakanni ba shi da abin sayarwa a wannan lissafi. Kuma mai sa hannu a kwangila shi ne mai takardar ƙasa, wato galibi gwamnati. A 2023 wani kamfanin Dubai mai suna Blue Carbon ya ƙulla yarjejeniyoyin fahimtar juna da ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Laberiya inda aka yi maganar kusan kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasar. Shugabannin Ogiek da lauyoyinsu sun yi zargin cewa kwaɗayin kuɗin kabon yana cikin abin da ya jawo korar Sasimwani.

Ko kuɗin da aka ware da sunansu ma a hanya yake maƙalewa. A taron Glasgow na 2021 an yi alƙawarin dala biliyan 1.7 don tabbatar wa al'ummomin asali da mazauna dazuzzuka haƙƙin ƙasarsu. Rahotannin masu bayarwar da kansu sun nuna cewa a shekaru biyun farko abin da ya isa hannun ƙungiyoyin al'ummomin kai tsaye bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya shafi manomi da makiyayi a nan

A 1910 Turawa suka sa dukkan ƙasar Arewacin Najeriya ƙarƙashin ikon gwamna. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗauki wannan tsari ta shimfiɗa wa Najeriya duka: ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, yana iya soke haƙƙin zama saboda maslahar jama'a, kuma diyyar da ake biya ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Mai gonar gado da ba shi da takarda, da makiyayin da burtalinsa da mashayarsa ba su cikin taswirar kowa, matsayinsu a gaban wannan doka bai fi na ɗan Ogiek da yawa ba. Mutanen Bakolori sun ga haka a 1980, lokacin da rikicin diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye ya ƙare da zubar da jini. Daga cikin wuraren kiwo sama da 400 da aka ware tun bayan dokar kiwo ta 1965, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar a hukumance.

Don haka duk ranar da wani ya zo ƙauye da maganar dashen itace ko killace daji ko kuɗin kabon, ƙa'idar da ƙudurin 2007 ya kafa ita ce abin riƙewa: amincewa bisa son rai, tun kafin a fara, bayan an yi cikakken bayani da harshen da mutane ke ji, kuma da damar cewa a'a. A tambaya shekara nawa kwangilar za ta yi, domin irin waɗannan sukan kai 30 ko fiye. A tambaya me za a hana: kiwo, itacen girki, saiwar magani, ratsawa zuwa rafi? A nemi a taka iyakar da ƙafa tare da maƙwabta kafin a zana ta. A Chadi, Hindou Oumarou Ibrahim ta haɗa Mbororo da manoma suka gina taswirar yankinsu da hannu, mata suka sa wuraren ruwa da na magani da maza suka manta, kuma irin wannan taswira hujja ce ranar jayayya. In an ce al'umma za ta samu kaso, a tambaya kason me: na kuɗin da aka sayar, ko na abin da ya rage bayan dillali da mai tantancewa da hukuma sun cire nasu? Dokar Kenya ta 2023 ta yanka wa al'umma aƙalla kashi 40 cikin 100 a ayyukan kabon da ake yi a kan ƙasa.

A kuma rubuta wanda ya halarci taron amincewa da abin da aka yanke, a ajiye kwafi a hannun mutanen gari. A Janairun 2025 wata kotun ƙasa da muhalli a Isiolo da ke arewacin Kenya ta yanke cewa an kafa wasu gandaye biyu a filin makiyaya ba bisa ƙa'ida ba, saboda ba a tuntuɓi jama'a yadda doka ta tanada ba. Ɗaya daga cikinsu yana cikin babban aikin kabon da kamfanoni irin su Meta da Netflix suka sayi takardunsa.